The Monitor: kundin waƙoƙin pank da ya ari yaƙin basasar Amurka don ba da labarin wani saurayi

The Monitor kundin waƙoƙi ne na ƙungiyar makaɗan Amurka mai suna Titus Andronicus, wanda kamfanin XL Recordings ya fitar ranar 9 ga Maris, 2010. Waƙoƙi 10 ne a cikinsa, tsawonsu gaba ɗaya kimanin minti 65. Kiɗa ne mai hayaniya, jita na ruri, ganguna na gudu, mawaƙin kuma yana rerawa kamar maƙogwaronsa zai tsage. Duk da haka masu nazarin kiɗa suna lissafa shi cikin kundayen rok mafi zurfin tunani na zamaninsa, domin ya ɗauki tarihin yaƙin basasar Amurka ya auna shi da rikicin da ke cikin zuciyar wani saurayi da ya bar garinsu don neman sabuwar rayuwa.

Ƙungiyar da jagoranta

An kafa Titus Andronicus a 2005 a Glen Rock, wani ƙaramin gari a jihar New Jersey, kusa da birnin New York. Sun samo sunan ne daga wani wasan kwaikwayo na Shakespeare wanda ya yi suna wajen zubar da jini da ramuwar gayya. Jagoranta, mai rubuta waƙoƙi kuma mai rera su, shi ne Patrick Stickles, haifaffen 1985. Makaɗa da dama sun shiga ƙungiyar sun fita, amma shi yana nan tun farko. Kundinsu na fari, The Airing of Grievances, ya fito a 2008. The Monitor shi ne na biyu, kuma Stickles yana da shekara 24 lokacin da ya fito. An naɗi sautinsa a ɗakin Marcata da ke New Paltz a jihar New York, ƙarƙashin kulawar Kevin McMahon.

Abubuwa biyu ne suka haɗu suka haifi kundin. Na ɗaya, Stickles ya taɓa barin New Jersey ya koma yankin Boston da zama, zaman bai yi daɗi ba, ya dawo. Na biyu, ya kalli dogon fim ɗin tarihi na Ken Burns a kan yaƙin basasa, wanda aka fara nunawa a talabijin a 1990. A wannan fim ana karanto wasiƙu da jawaban mutanen wancan zamani da muryoyin mutane na yanzu, kuma wannan dabara ce ƙungiyar ta ɗauko ta saka tsakanin waƙoƙinta.

Pank, indi da kundi mai jigo ɗaya

Pank wani reshe ne na kiɗan rok da ya ɓullo a tsakiyar shekarun 1970 a New York da Landan. Ƙa'idarsa ita ce sauri, gajarta da fushi, ba tare da nuna gwanintar kaɗa jita ba. Kundin farko na ƙungiyar Ramones, na 1976, yana ɗauke da waƙoƙi 14 da ba su cika minti 30 ba. Ƴan pank na farko sun tashi ne da ƙyamar manyan taurarin rok na lokacin, masu dogayen waƙoƙi da manyan labarai.

Indi kuwa kalma ce da ake nufin mawaƙan da ke aiki da kamfanoni masu cin gashin kansu, waɗanda ba sa ƙarƙashin manyan kamfanonin da suka mamaye kasuwar kiɗa ta duniya. XL Recordings na Landan yana cikin rukunin Beggars, rukunin da ya haɗa da Matador, kamfanin da ya fitar da kundin Afrique Victime na makaɗin jita ɗan Nijar Mdou Moctar a 2021.

Kundi mai jigo ɗaya shi ne wanda waƙoƙinsa duka ke bin labari guda ko tunani guda daga farko har ƙarshe, kamar babi-babi na littafi. Ƙungiyar The Who ta Ingila ta shahara da irinsa, da Tommy a 1969 da Quadrophenia a 1973. A zahiri irin wannan aiki shi ne abin da pank ya taso don ya rushe, amma wasu ƴan pank sun gwada haɗa biyun. Hüsker Dü sun yi Zen Arcade a 1984, labarin yaron da ya gudu daga gida, Green Day kuma sun yi American Idiot a 2004. A wannan layi The Monitor ya shiga. Kusan rabin waƙoƙinsa sun kai minti 7 ko sun haura, ta ƙarshe kuwa minti 14 ce.

Jirgin da ya ba kundin suna

An yi yaƙin basasar Amurka daga 1861 zuwa 1865. Bayan zaɓen Abraham Lincoln a 1860, jihohi 11 na kudu suka ɓalle suka kafa tasu ƙasa ƙarƙashin Jefferson Davis, kuma tushen rigimar shi ne bauta, domin a lokacin akwai bayi baƙar fata kusan miliyan 4 a ƙasar. Ƙiyasin da aka daɗe ana amfani da shi ya ce sojoji kimanin 620,000 ne suka mutu.

Monitor jirgin yaƙi ne na rundunar arewa mai sulken ƙarfe, wanda injiniya John Ericsson, haifaffen Suwidin, ya tsara. Jirgi ne da kusan duk jikinsa ke nutse cikin ruwa, a samansa akwai hasumiya mai juyawa da ke ɗauke da manyan bindigogi biyu. Ranar 8 ga Maris, 1862, jirgin kudu mai sulke, Virginia, ya afka wa jiragen katako na arewa a mashigar Hampton Roads, ya hallaka biyu daga cikinsu. Washegari Monitor ya tare shi. Wannan ne karon farko a tarihi da jirage biyu masu sulken ƙarfe suka gwabza. Sun shafe sa'o'i suna luguden wuta daf da juna, harsasai na dukan ƙarfe suna zamewa, aka tashi babu wanda ya nutsar da wani. A ƙarshen wannan shekara guguwa ta nutsar da Monitor kusa da Cape Hatteras, mutum 16 suka rasu. An gano ɓaraguzansa a 1973, aka ciro hasumiyar a 2002.

Da gangan aka fitar da kundin ranar 9 ga Maris, ranar cikar wannan artabu shekara 148. Hoton da kundin ya ɗauka daga tarihin a bayyane yake: abokan gaba biyu, kowane ya lulluɓe kansa da ƙarfe, suna dukan juna har su gaji, babu mai nasara.

Yadda labarin ke tafiya

Kundin ya buɗe da muryar wani mutum yana karanto wani yanki na jawabin da Lincoln ya yi a Springfield a 1838, tun yana matashin lauya. Ma'anar yankin ita ce babu wata rundunar waje da za ta iya rusa Amurka, in rushewa ta zo to daga cikin gida za ta fito. Ana gama karatun sai ganguna da jita su ɓarke. Waƙar farko, A More Perfect Union, ta aro sunanta daga gabatarwar kundin tsarin mulkin Amurka, inda ake maganar ƙarfafa haɗin kan ƙasa. A cikinta saurayin ya kama hanya daga New Jersey zuwa Boston cike da buri, yana ganin ya tsere wa ƙuncin garinsu.

Daga nan abubuwa suka fara lalacewa. A sabon wurin ya tarar da irin mutanen da ya gudu ya bari, ya kuma tarar da halinsa ya biyo shi. Waƙoƙin tsakiya suna magana a kan kaɗaici, shan magungunan damuwa, shaye-shaye, lalacewar soyayya da ganin kowa a matsayin abokin gaba. Theme from Cheers ta ɗauki sunan wani shirin barkwanci na talabijin da aka gina a kan wata mashaya ta Boston, kuma a ƙarƙashin raharta akwai tsoron tsufa a kan kujerar mashaya ba tare da an tsinana komai ba. Four Score and Seven ta aro kalmomin farko na jawabin Lincoln na Gettysburg na 1863, ta fara a hankali kamar zaman makoki, sannan ta rikiɗe zuwa kirarin yaƙi na "mu da su". To Old Friends and New ita ce mafi sanyi, da fiyano da muryar Jenn Wasner ta ƙungiyar Wye Oak.

Tsakanin waƙoƙin ana jin kalaman Lincoln, da na Jefferson Davis, da na William Lloyd Garrison, ɗan jaridar da ya yi gwagwarmayar hana bauta, da na mawallafin waƙoƙi Walt Whitman, wanda ya yi jinyar sojojin da suka ji rauni a asibitocin Washington. Abokan ƙungiyar ne suka karanta su, ciki har da Craig Finn na The Hold Steady da Cassie Ramone ta Vivian Girls.

Waƙar ƙarshe, The Battle of Hampton Roads, ita ce hisabi. Saurayin ya amince ya sha kaye, ya juya zuwa New Jersey, ya zazzage duk abin da ke cikinsa na ƙin jinin mutane da ƙin jinin kansa. A nan ne ya gane cewa ya gina sanin kansa ne a kan abokin gaba, har ya zama ba zai iya rayuwa ba in babu wanda zai tsana. Kafin a rufe, sai algaitar mutanen Sikotilan mai jakar iska ta shigo, irin wadda ake busawa a fagen fama da wurin jana'izar sojoji.

Abin da ya sa ake ƙaunarsa

Dalili na farko shi ne sautin. Ban da jita da ganguna akwai fiyano, goge irin na Turawa, ƙahonni da saksofon, kuma an bar su da ƙurarsu, ba a goge su sun yi santsi ba. Ana jin tasirin Bruce Springsteen, fitaccen mawaƙin New Jersey, wanda waƙoƙin ke ambata suna kuma yi wa kalamansa gyaran fuska, da tasirin kiɗan mashayar Ailan da tsofaffin waƙoƙin maci na sojoji. Dogayen waƙoƙin ba sa tsayawa wuri ɗaya: sukan lafa, su taru, su fashe, su sake sauya kari, shi ya sa minti 9 ke wucewa mai sauraro bai ankara ba.

Na biyu shi ne amshi. An gina waƙoƙin da gajerun jimloli da taron mutane zai iya maimaitawa da ƙarfi. A waƙa ta uku, No Future Part Three, ana nanata wata magana ta cin fuska, irin wadda ake jifan wanda bai yi nasara a rayuwa ba da ita, ana ta nanatawa har zafinta ya fita ta koma abin rarrashi. Mutumin da ya saurari kundin shi kaɗai a ɗaki yana ganin shi ne kawai ya gaza, in ya je wurin wasa sai ya tarar da ɗaruruwa suna ɗaga murya da irin ciwonsa. Wannan juyin, daga kaɗaici zuwa taro, shi ne zuciyar farin jinin kundin.

Na uku shi ne lokacin da ya fito. A 2010 Amurka na fama da raɗaɗin durƙushewar tattalin arziki ta 2008, matasa da dama sun gama jami'a babu aiki, sojojinta suna Iraƙi da Afganistan, siyasa kuma ta rabu gida biyu bayan zaɓen Barack Obama. Kundin bai bai wa kowa shawarar jam'iyyar da zai zaɓa ba. Tambayar da ya yi ita ce me ya sa ɗan Adam ke buƙatar raba duniya zuwa "namu" da "nasu", kuma me ke saura gare shi idan ya gano cewa layin rabon ya ratsa ta cikin ƙirjinsa. Shekarun da suka biyo baya, da rarrabuwar kan Amurkawa ta ƙara tsananta, sun ƙara wa tambayar nauyi.

Na huɗu, labarin barin gida ne. Duk wanda ya taɓa yin ƙaura yana zaton sabon gari zai sauya shi ya san abin da saurayin ya tarar: ana iya barin gari, amma hali zanen dutse ne, tare ake tafiya da shi.

Inda ake kushe shi

Akwai masu ganin kundin ya yi tsawo, muryar Stickles ta cika kaushi, kuma kalamansa sun cika batsa da zancen giya, abin da ya sa ba kowane gida zai dace da shi ba. Suka mafi nauyi ita ce ta ma'auni: yaƙin da aka yi a kan ƴancin miliyoyin bayi ya fi ƙarfin a mayar da shi madubin ɓacin ran wani farar fata ɗan unguwar masu rufin asiri, kuma su bayin kansu ba a jin muryarsu sosai a cikin kundin. Masu kare shi suna amsawa da cewa waƙoƙin sun san da wannan wuce gona da iri, suna ma yi wa mai labarin dariya a kansa, domin haka ƙuruciya take, ƙaramin rauni yakan zama mata kamar tashin duniya.

Bayan fitowarsa

Kundin ya samu yabo sosai daga masu sharhi, kuma shafin Pitchfork ya saka shi cikin gwanayen kundayen 2010. Bai yi irin cinikin manyan taurari ba, amma ya tara wa ƙungiyar masoya masu riƙo. Sun ci gaba da Local Business a 2012, sannan The Most Lamentable Tragedy a 2015, wani kundi mai jigo ɗaya da ya ƙunshi waƙoƙi 29 cikin fiye da minti 90, a kan lalurar ƙwaƙwalwa mai sa mutum ya riƙa lilo tsakanin zumuɗi da matsananciyar damuwa, wadda Stickles ya bayyana cewa yana fama da ita. Bayansa akwai A Productive Cough a 2018, An Obelisk a 2019 da The Will to Live a 2022. A 2021 aka sake fitar da The Monitor da gyararren sauti, kuma har yau shi ne aikin da aka fi sanin ƙungiyar da shi.