Malamin Aji da Malamin Nesa: Daga Karatun Wasiƙa Zuwa Zamanin Korona

Yau zan mayar da ku baya kaɗan, saboda da yawa daga cikinmu suna zaton karatu daga nesa ya zo ne tare da korona. A'a, ya girmi kakanninmu.

Tun 1858 Jami'ar Landan ta ba mutum damar rubuta jarrabawar digirinta ba tare da ya zauna a ajinta ba. 'Yan Najeriya sun ci moriyar wannan ta gidan waya: a aiko maka darasi a ambulan, ka amsa, ka mayar, ka jira jirgin ruwa. Ta haka Obafemi Awolowo ya yi digirinsa na kasuwanci.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne malamin. Lokacin da Ingila ta kafa buɗaɗɗiyar jami'arta a 1969, an gane cewa iya lacca daban, iya rubuta wa ɗalibin da ba ka gani daban. A aji, in ka ga fuskoki sun yamutse sai ka maimaita. To ɗalibin da ke karatu shi kaɗai da dare bayan ya taso daga aiki fa? Ba wanda zai ɗaga wa hannu. Shi ya sa ba sa barin farfesa ɗaya ya rubuta kwas. A wancan lokacin, sai a haɗa shi da edita, da masanin dabarun koyarwa, da ma'aikatan BBC masu shirya darasin rediyo da talabijin.

Mu nan gida, an kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna a 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta, domin a horar da malamai suna bakin aikinsu. Shagari ya kafa buɗaɗɗiyar jami'a a 1983, gwamnatin soja ta Buhari ta dakatar da ita a 1984, sai a mulkin Obasanjo aka farfaɗo da ita, wato NOUN. A cikinta aka buɗe RETRIDAL, cibiyar horar da malaman jami'o'in Afirka ta Yamma kan koyarwa daga nesa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ma ya shugabanci jami'ar daga 2016 zuwa 2021.

Duk da haka, ni a ganina, gida biyu aka gina da katanga a tsakani. Malamin harabar jami'a yana kallon karatun nesa a matsayin na waɗanda suka rasa gurbi, kuma ba wanda ya tilasta masa koyon dabarunsa.

Sai ga Maris 2020: korona ta rufe makarantu, ga yajin aikin ASUU na wata tara. Da aka dawo, wani malaminmu, mutum mai ilimi wallahi, ya riƙa turo mana saƙon murya na minti arba'in a WhatsApp, da hotunan takardunsa na hannu. Data ta ƙare, ba mu fahimta ba, shi ma ya gaji. Ban ga laifinsa ba. An koya masa fanninsa, amma ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa yadda ake yanka darasi gunduwa-gunduwa, a sa tambayar gwaji bayan kowane yanki, ko yadda ake rubuta wa ɗalibi gyara da zai gane ba tare da an haɗu ba. Waɗannan kuwa su ne abubuwan da marubutan littattafan NTI suke yi tun kafin a haife ni, a Kaduna, tafiyar 'yan sa'o'i daga ajinmu.