Sabon Shiga da Zaɓen Ɗariƙa a Ƙasar Rano da Kibiya

Tarihin ɗariƙu a Kano ba ya bukatar maimaici a nan: haɗuwar Sarki Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyass a 1937, farfaɗo da Ƙadiriyya a hannun Malam Nasiru Kabara, da kafa Izala a Jos a 1978 (Paden 1973, Loimeier 1997). Abin da ya tayar da wannan maƙala shi ne ra'ayin Stark da Finke (2000), wanda ake ta janyo shi zuwa ƙasarmu, cewa fagen addini kasuwa ne, mai shiga kuma mai saye ne da ke taya haja kafin ya biya.

Wataƙila ra'ayin ya dace da inda aka haife shi. Ba'amurken da ya ƙudiri bin addinin Buddha yakan leƙa cibiyar Zen yau, gobe ta 'yan Tibet, jibi ta Theravada, ya zauna inda hankalinsa ya kwanta. Amma ko a can, koyarwar Tibet cewa take a shafe shekaru ana nazarin halin malami kafin a miƙa masa wuya. Mutum ake tantancewa, ba haja ba.

A ganina, haka abin yake a ƙauyukan Rano da Kibiya, har ma ya fi. Ɗauki Bamagujen da ya musulunta, ko saurayin da ya tashi neman wuridi a Rurum ko Tarai. Bai karanta hujjojin kowa ba. Abin da ya sani shi ne masallacin unguwa, inda ake shimfiɗa farin ƙyalle bayan magariba a kewaye shi ana wazifa, da muƙaddamin da ya raɗa wa ƙanensa suna, ya kuma tsaya a kan jana'izar kawunsa. Ranar da ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, izini nake nema," an riga an gama zaɓen tun a zaure. Sannan sharuɗɗan Tijjaniyya kansu suna rufe ƙofar tayi: lazimi safe da yamma, istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, ba a haɗa shi da wuridin wata ɗariƙa, ba a kuma ajiye shi har mutuwa. Wace kasuwa ce ke ɗaure mai saye haka?

Babbar suka za ta fito ne daga aikin Ousmane Kane (2003), kuma ba ta wasa ba ce. Ya nuna cewa Izala ta ja matasa da 'yan boko da ƙananan 'yan kasuwa saboda ta sauke musu nauyin bukukuwa da durƙusa wa manya. Ke nan an auna riba da asara, an bar hanyar iyaye da gangan. Na yarda an bar ta, kuma gidaje da yawa sun ji zafin rabuwar. Sai dai a tambaya: ta hannun wa aka fita? Sau da yawa abokin ci-rani ne ya kawo kaset, ko malamin Islamiyya ne ya ja yaro a jiki. Wani zumuncin ne ya rinjayi wani. Shi kansa Stark, tare da Lofland a 1965, ya nuna cewa shaƙuwa da mabiya takan riga yarda da aƙida.

Duk da haka dole in taƙaita da'awata. Ba ta hau kan ɗalibin Jami'ar Bayero da ke sauraron malamai goma a wayarsa ba. Shi kam yana kwatantawa, mai yiwuwa fiye da yadda nake so in amsa. Ta tsaya ne a kan shigar farko, a karkara, inda wanda zai ba ka wuridi shi ne kuma zai tsaya maka wajen neman aure.