Tarihin waƙar "Ne me quitte pas" da abin da masu fassara suka yi mata

Da yawa daga cikin waɗanda suka yi karatu da Faransanci a ƙasar nan sun san sunan Jacques Brel, ko daga rediyo ko daga aji. Ni kaina a aji na fara gamuwa da waƙarsa mai suna "Ne me quitte pas", an ba mu ita a rubuce don mu tsamo aikatau na lokaci mai zuwa. Sai daga baya na ji ta daga bakin mai ita. Abin da ya sa na kawo tarihinta cikin wannan mujalla shi ne, ba safai akan sami matani guda da aka juya zuwa harsuna da yawa haka ba, kowace juyawa kuma tana nan a faifai ana iya kwatanta ta da ta asali. Mai nazarin fassara yana da abin dubawa a nan.

An haifi Brel a Schaerbeek, wata unguwa ta birnin Burusel a Beljik, cikin 1929. Ya koma Paris a 1953, ya yi shekaru yana waƙa a ƙananan gidajen shaƙatawa kafin sunansa ya fito. Ya ɗauki wannan waƙa ran 11 ga Satumba 1959 a kamfanin Philips, ta fito cikin faifan da aka sa wa suna "La Valse à mille temps". François Rauber ne ya tsara kiɗan, aka buɗe shi da wani abin kiɗa na lantarki da ake kira ondes Martenot, mai siririyar murya kamar kuka daga nesa. Wani abin lura kuma, wata mawaƙiya, Simone Langlois, ta riga Brel ɗaukar waƙar cikin wannan shekara. Ke nan tun ranar farko waƙar ta shiga bakin mace, za mu kuwa ga amfanin wannan a gaba.

Ginin waƙar ba shi da wuya. Baiti biyar ne, ɗangogin gajeru masu gaɓa biyar biyar, amshin kuma shi ne sunan waƙar, wato hani: kada ki bar ni. Sai dai hanin nan ba na mai iko ba ne. Mai maganar yana farawa da neman a manta abin da ya wuce, ya shiga alkawarin kyaututtukan da babu mai iya kawo su, ya kawo misalai daga halitta don nuna cewa abin da ya mutu yakan farfaɗo. A baitin ƙarshe ya daina alkawari, ya yarda ya yi shiru, ya ƙasƙantar da kansa har ƙasa da matsayin karen wadda yake roƙo. Ita kuwa ba a ji ta bakinta ko sau ɗaya. Ana yawan danganta waƙar da rabuwarsa da mawaƙiya Suzanne Gabriello. Shi Brel dai ya faɗa cikin hira cewa ba waƙar soyayya ba ce, waƙa ce ta ragwancin namiji. Wannan hukunci nasa ya kamata mu riƙe, don shi ne ma'aunin da za mu auna sauran da shi.

Fassarorin farko ba su yi nisa da gida ba. A 1961 Brel ya rera ta da harshen Holanda, wanda ake yi a arewacin ƙasarsa, da sunan "Laat me niet alleen", fassarar Ernst van Altena. Hanin yana nan, amma an ƙara masa kalmar kaɗaici: kada ki bar ni ni kaɗai. Marlene Dietrich ta rera ta Jamusanci, "Bitte geh nicht fort", fassarar Max Colpet, inda aka sa kalmar ladabi a gaba, irin "don Allah" tamu. Duka biyun gaɓa biyar ne, kuma a ganina ƙarin da kowanne ya yi, neman cika gaɓa ne ya kawo shi. To amma ƙarin bai tafi a banza ba. Na farko ya ba da dalilin roƙon, na biyu ya sa masa ladabi, alhali a Faransanci roƙon ba shi da ko ɗaya daga cikinsu.

Babban sauyi ya zo ne daga Amurka, a tsakiyar shekarun 1960, da fassarar Rod McKuen mai suna "If You Go Away". Nan ma gaɓa biyar ne, kiɗan bai canza ba. Abin da ya canza shi ne nahawu. Hani ya zama sharaɗi: in kika tafi. Wanda ya ce "kada ki tafi" ya miƙa wuyansa, ba shi da abin yi sai jiran amsa. Wanda ya ce "in kika tafi" kuwa ya riga ya ja da baya yana lissafi, yana shimfiɗa hanya biyu, abin da zai faru in an tafi da abin da zai faru in an zauna. McKuen ya gina baitocinsa a kan wannan musaya. Sakamakon waƙa ce mai daɗin ji, mai baƙin ciki, wadda mawaƙi zai rera ya sauka da mutuncinsa. Shi ya sa manyan mawaƙa suka karɓe ta hannu biyu: Shirley Bassey da Dusty Springfield a 1967, Frank Sinatra da Scott Walker a 1969. Hatta maganar karen nan, wasu sun bar ta, wasu sun cire. (McKuen ɗin ne kuma ya juya wata waƙar Brel, "Le Moribond", ta zama "Seasons in the Sun" wadda Terry Jacks ya yi fice da ita a 1974, can ma an rage ɗacin.) Ba na cewa fassarar ta ɓaci. Ina cewa wata waƙa ce dabam, kuma harafin sharaɗi guda ne ya raba su.

Akwai kuma waɗanda ba su taɓa kalmomin ba. Barbara ta rera ta a 1961. Nina Simone, Ba'amurkiya, ta ɗauke ta da Faransanci a 1965 cikin faifanta "I Put a Spell on You", tana furta kowace gaɓa a hankali da lafazin baƙo, wannan nauyin baki kuwa ya dace da mai roƙon da magana ke yi wa wuya. Ta Maysa, mawaƙiyar Birazil, ta shiga fim ɗin Pedro Almodóvar, "La ley del deseo", a 1987. A 1996 Yuri Buenaventura, ɗan Kwalambiya, ya ɗora kalmomin a kan kiɗan salsa, mutane suka yi ta rawa da ƙasƙancin da Brel ya rubuta. Shi kansa Brel, wanda ya bar dandali a 1967, ya sake ɗaukar ta a 1972 a kamfanin Barclay da murya mai kauri da natsuwa, shekara shida kafin rasuwarsa ran 9 ga Oktoba 1978.

Me ya sa mata suka iya ɗaukar waƙar namiji cikin sauƙi haka? Domin wakilin suna na mutum na biyu a Faransanci ba ya nuna jinsi. Cikin waƙar duka, kalmar sarauniya a baiti na biyu ita ce ke tona cewa mace ake wa magana. A nan ne Hausa ta bambanta. "Kada ki bar ni" gaɓa biyar ne cif, kamar an auna, amma tun a gaɓa ta uku dole mai fassara ya zaɓi "ki" ko "ka", kuma zaɓin zai bi shi cikin kowane amshi. Ga kuma karin sauti da nauyin gaɓa: huɗu masu sauƙi ne, "bar" kaɗai ke da nauyi, don haka ba kowane wuri kiɗan zai ja murya ba tare da ya karya kalma ba.

Wannan matsala ta "ka" da "ki" ba ta mawaƙa kaɗai ba ce. Ma'aikatan yaƙi da jahilci suna cin karo da ita duk lokacin da suka juya ɗan littafin kiwon lafiya ko na noma daga Faransanci. Sau da yawa akan gudu zuwa "ku" ko "a", sai umurni ya koma shawara, ko a riƙe "ka" daga farko har ƙarshe, a miƙa littafin ga ajin da mata ne suka cika shi.