Inda za a taka a sha inuwa a Dallol Boso

Masu saurarenmu na gida da 'yan'uwa da ke Yamai, Kwatano ko Akara, in kun zo Filinge kuna neman wurin hutawa, to ba sai an je nesa ba. Garin yana bakin Dallol Boso ne, kimanin kilomita 180 daga Yamai.

Dallol tsohon kwarin kogi ne da ya taso daga Azawak ya gangara kudu har kogin Kwara. Kogin ya ƙafe tun zamanin da, amma ruwa na nan kusa a ƙarƙashin yashi, shi ya sa rijiyoyin kwarin ba su da zurfi kuma garake ke yin kore da rani. A 2004 aka sa wani yanki nasa cikin jerin wurare masu dausayi na yarjejeniyar Ramsar.

Mu dai a Kurfai, gawo ne sarkin inuwa. Da damina yakan zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani kuma ya yi lif, 'ya'yansa su ciyar da bisashe. Akwai goruba da aduwa. Sai dai gatarin masu itace na rage su, kuma gawo kan daɗe kafin ya girma.

A fita da sanyin safiya ko bayan la'asar, da gorar ruwa. Kun san halin tsaro da ake ciki: a tambayi maigari, kada a yi nisa da gari, a dawo kafin magariba. Kuma a nemi izinin mai garka kafin a shiga.