Ɗan Maginin Tangaran da Ya Shiga Kayanmu

A wannan shekara ta bikin ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu waiwayi wani kamfani da muka daɗe muna dakon kayansa tsakanin Kano da Maraɗi ba tare da mun san sunansa ba. Sunan Murata, kuma yana ƙasar Japan.

Akira Murata ya kafa shi a birnin Kiyoto a watan Oktoba na 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Gidansu gidan tangaran ne, inda ake kwaɓa yumɓu a gasa. Ɗan bai bar sana'ar uba ba, sai dai ya juya ta. Ya gasa tangaran na musamman ya fitar da kafasita, wato ɗan abin nan da ke riƙe wuta ya sake ta daidai lokacin da na'ura ke bukata. Masu gyaranmu kan ce kwandansa, su ma Japanawa kusan haka suke kiransa.

Rediyo ce ta ɗaga shi. A 1950 aka yi wa kamfanin rajista, a 1951 kuma gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara aiki a Japan, kowane gida na neman akwati, kowane akwati na neman kafasita. Daga nan sai talabijin, sai salula. Yau wayar zamani guda na ɗauke da ɗaruruwan irin waɗannan, wasu ba su kai ƙwayar gero ba, kuma Murata ke kan gaba a duniya wajen ƙera su. A 2017 ya sayi sashen batura na Sony.

Abin da ya shafe mu shi ne, mu fata muke saye, ciki ba mu gani. Dattawanmu da suka yi fataucin rediyo a da suna duba sunan da ke jikin akwati su amince. Yanzu akwati biyu kan zo iri ɗaya, ɗaya ya shekara biyar, ɗaya ya mutu kafin damina, bambancin kuwa sau da yawa yana cikin waɗannan ƙananan abubuwa. Mai saye ba ya zuwa masana'anta da ƙara. Rumfarmu yake dawowa, wani lokaci bayan ya ƙetare iyaka ya biya kuɗin mota.

Shi ya sa wasu 'yan ƙungiya suka koma tafiya sari da mai gyara, a buɗe guda ɗaya a duba kafin a ƙulla ciniki.