Abin da Tsofaffin Hotunan Kano Suka Nuna, da Abin da Suka Bari a Baya

Tun da bikin cika shekara lokaci ne na waiwaye, bari mu ƙara nisan waiwayen kaɗan, mu dubi garin da muke zaune a cikinsa.

Da yawanmu mun sha cin karo da tsofaffin hotunan Kano, baƙi da fari, a Facebook ko a WhatsApp. Sai ki ji ana ta "Allah sarki, Kanon da!" a tura wa na gaba, shi ke nan an wuce. To amma idan aka ajiye tsohon hoto a gefe, aka je wurin da aka ɗauke shi aka tsaya, akwai abin lura da ya wuce kewa. Ginin ƙasar da muke gani a hoton ba tsufa ne ya tsayar da shi ba, hannun mutane ne da ke komawa kansa kowace shekara. Inda hannun ya ci gaba, ginin yana nan. Inda aka janye, ya narke.

Daga kan Dala

Masu ɗaukar hoto sun fi son hawa Dutsen Dala, domin daga nan ake ganin gari gaba ɗaya. Tun kafin zuwan kyamara ma, Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, daga kan Dala ya zana garin da hannu. Ya ƙiyasta mazaunansa sun kai dubu 30, kuma sukan ninka idan fatake sun cika gari. Hotuna kuwa sun fara yawaita ne bayan Turawa sun ci Kano a 1903.

Me ake gani a cikinsu? Soraye masu shimfiɗaɗɗen rufi, launinsu ɗaya da ƙasar da suke kai. Zankaye a kusurwar gidaje, indararo na leƙowa daga saman bango, itatuwan dabino nan da can. Sai kududdufai birjik a tsakanin unguwanni. Abin da ya fi ba yaran yanzu mamaki shi ne gonaki a cikin ganuwa. Ba kuskure ba ne, da gangan aka bar fili mai yawa a ciki, don in abokan gaba sun tsare gari a samu abin ci da wurin kiwo.

Yau wanda ya hau Dala, kwano zai gani yana walƙiya har iyakar ganinsa, da tankunan ruwa, da benaye, da ƙarafunan sabis na waya. Gonakin sun zama unguwanni. Dala da Gwauron Dutse ne kawai mutum zai kama ya gane ina ne gabas, ina ne yamma a tsohon hoton.

Kududdufan nan ma kada a raina su. Ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini daga cikinsu, wato kowane gida da ya tashi ya bar rami a kusa. Da damina su ke shanye ruwan unguwa. Gaskiya ne suna tara sauro da shara, yara ma kan faɗa. Amma da aka cike da yawansu aka yi gini a kai, ruwa bai fasa zuwa ba, wurin zama ne ya rasa, sai ya shiga ɗakunan mutane.

Ganuwa da ƙofofinta

Tarihin sarakunan Kano ya nuna an fara ginin ganuwa zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134. An faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka kuma ƙara daga baya. Da sojojin Ingila suka iso a watan Fabrairu na 1903, Sarki Alu yana kan tafiyar Sakkwato, ta wajen Ƙofar Kabuga suka shiga. Lugga ya rubuta cewa tsayin ganuwar ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuwa wajen ƙafa 40.

Hotunan wancan lokaci sun gaskata shi. Mutum a gindin badala kamar ɗan tsako yake. Ƙofofin kuwa matsattsu ne, daidai wucewar raƙumi ko jaki da kaya. Kowace tana da ƙyaure mai nauyi da sarkin ƙofa, kuma da dare ya yi ake rufewa.

Yanzu a je Kabuga da wannan hoton a hannu. Gadar ƙasa ce a wurin, motoci da adaidaita sahu na ta kai da komo. A Ƙofar Nasarawa gadar sama ce ta mamaye ido. Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi, aka sake gina wata. Yawancin ƙofofin da muke wucewa ta ƙarƙashinsu yau sababbi ne, sunan ne kawai na da. Ita kuwa badala, a wurare da dama ta koma tudun ƙasa, wani wurin an ɗebe ta an yi gini da ita, wani wurin an yi gini a kanta. An sanya ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa shiga kundin tarihin duniya na UNESCO tun 2007, amma suna a takarda ba ya hana ruwan sama aikinsa.

To me ya riƙe ta shekaru ɗaruruwa, ta kuma zube cikin shekara ɗari? Aikin gayya. A da, gyaran ganuwa wajibi ne, ana raba ta kashi-kashi, jama'a su fito da rani su cike inda damina ta zaizaye. Ba don sha'awa ake yi ba, tsaron rai ne, kuma da tilas a ciki, har da gumin bayi. Da yaƙi ya ƙare, bauta ta kau, babu wanda ya ga dalilin ci gaba da wannan wahala. Ganuwa ta zama ta kowa, ta kuma zama ba ta kowa ba.

Waɗanda suka sauya, da waɗanda suka tsira

Babban Masallacin Juma'a na cikin gari misali ne na sauyin da aka yi da niyya. A hotunan farko na ƙasa ne, da doguwar hasumiya ta ƙasa mai faɗin gindi. Wanda muka sani yau, mai koriyar ƙubba da hasumiya biyu, an gina shi ne zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a farkon shekarun 1950. A hotunan lokacin fari fat yake, shi kaɗai a tsakiyar jajayen soraye. Yau gine-gine sun taso sun kewaye shi.

Dalar gyaɗa kuwa babu ko alamarta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shahara a kansa. Jirgi ba ya iya kwashe ta zuwa Ikko da saurin da take shigowa, shi ya sa ake jera buhuna a yi dala, ana cewa guda ɗaya takan ci buhu dubu 15. Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970, da komawar hankalin ƙasa kan man fetur, su suka kawo ƙarshenta. Filayen da take, irin na wajen Ƙofar Mazugal, sai an nuna wa yaro kafin ya yarda.

Amma akwai wuraren da in aka ɗora tsohon hoto a kan na yau za a gane su nan take: Gidan Rumfa, Gidan Makama da ke kusa da shi, da Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Ƙasarsu ba ta fi ta ganuwa kyau ba. Bambancin kawai shi ne suna da mai su. Akwai wanda in bango ya tsage za a tambaye shi.

Yadda ake riƙe gidan ƙasa

Kakanninmu sun san kayan aikinsu. Da tubali ake tayar da bango, curin ƙasa da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana. Rufi kuwa da azara, wadda ake tsagowa daga giginya, domin gara ba ta cika damunta ba. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazara ta yi faɗi, shi ya sa magina suka ƙware wajen ɗaurin baka, suna haɗa ta guntu-guntu har a samu babban soro ba ginshiƙi a tsakiya. Don kare bango daga ruwa ana yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Masu hali kuwa laso suke sawa, wanda ake haɗawa da katsin da aka kwaso daga karofin marina. Kun ga ke nan marina da gini a haɗe suke: abin da ya kwanta a gindin rijiyar baba shi ke komawa saman soro.

Duk da haka, kafin kowace damina sai an hau an duba, an toshe tsaga, an gyara bakin indararo. Shekara biyu ko uku aka yi sakaci, soro zai fara ɗiga. Iyayenmu da suka kwana suna tara kwanuka a tsakar ɗaki, suna janye tabarmar yara daga inda ruwa ke zuba, ba za su yarda a ce musu komai na da daɗi ne ba. Gidajen ƙasa sun sha faɗowa kan mutane cikin dare. Don haka wanda ya samu hali ya koma bulo da siminti da kwano ba laifi ya yi ba. Sai dai mun biya wani farashi: ɗakin ƙasa sanyi gare shi da bazara, ɗumi da hunturu, na kwano kuwa in an ɗauke wuta a watan Afrilu kowa ya san yadda ake kwana.

Inda kyamara ba ta shiga ba

Ga wani abu da ya kamata mu lura da shi musamman. Masu ɗaukar waɗannan hotuna yawancinsu maza ne baƙi: jami'an mulkin mallaka, 'yan mishan, matafiya. Iyakarsu zaure. Shi ya sa hotunan cike suke da ƙofofi, fada, kasuwa da mahaya dawaki, amma da wuya ki ga tsakar gida.

Alhali rabin aikin a can yake. Daɓen ɗaki da na tsakar gida aikin mata ne. Maƙwabta ke taruwa da madaɓai, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, a yi ta bugu ana waƙa har ƙasa ta yi sumul tana ƙyalli. Jeren ɗakin amarya, tasoshi da kwanuka da fentin faranti reras har sama, shi ma ado ne na gini, kuma mata ke tsara shi. Dubi hoton marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa ta faro tun 1498: maza ne zaune a bakin karofi. Amma zaren da aka saƙa ƙyallen da suke turawa, wa ya kaɗa shi? Mata ne a cikin gida, da mazari da alli. Haka gyaɗar da ba ta shiga buhun dala ba, a hannun mata ta zama mai da ƙuli-ƙuli. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya samu shiga hoto yadda ganuwa ta samu. Yau karofi da yawa a marinar sun bushe, madaɓi kuwa yara ba su ma san sunansa ba.

Hotunan da ke cikin adakarmu

Wannan giɓin, mu ne ke da abin cike shi. Kusan kowane gida akwai hotunan biki, na suna, na dawowa daga Makka, na ranar sallah. Mun saba kallon fuskokin da ke ciki. Yanzu a sake ɗauko su a dubi bayan mutanen: bangon da suka jingina da shi, ƙyauren ɗaki, jeren da ke bayan amarya, rijiyar tsakar gida, bishiyar da aka sare. Wannan shi ne tarihin ginin Kano da babu shi a gidan tarihi.

Abin yi ba mai wuya ba ne. A zauna da Hajiya ko Inna tun suna da ƙarfin tunawa, a tambaye su: wane gida ne wannan, wace unguwa, wace shekara, ko zamanin wane sarki? A rubuta a bayan hoton da fensir, domin tawadar biro takan huda ta ɓata fuska. A raba shi da danshi da gara, a kuma ɗauke shi da waya don a samu kwafi. Sannan a tura yaro ko jika ya je daidai inda mai hoton ya tsaya, ya ɗauki wurin yadda yake yau, a haɗa su biyun wuri guda. Wadda ta samu sarari kuma ta kai yara Gidan Makama, su ga tsofaffin hotunan gari da ƙyamaren ƙofofin da aka adana. Gani ya kori ji.

Ganuwa ta fi ƙarfin gyaran mutum ɗaya. Amma sunan unguwa da shekara a bayan hoton kakarki, wannan aikin yamma ɗaya ne, kuma in wadda ta sani ta tafi, babu mai sake faɗa mana. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya maimaita mana.