Tarihin Kayen da CDMA ta Sha a Najeriya

A Janairun 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula kan dala miliyan 285 kowanne, kuma cikin Agusta MTN da Econet suka fara sayar da layi a kan fasahar GSM ta Turai. Kishiyarta CDMA ta kamfanin Qualcomm na Amurka ce, wanda a wancan lokaci yake karɓar kuɗin haƙƙin ƙirƙira, kusan kashi 5 cikin ɗari na farashin kowace waya. A kanta Starcomms da Multi-Links da Visafone suka kafu. Masu zuba jari sun kyautata mata zato, domin tana ɗaukar kira da yawa a tashar iska ɗaya, ga saurin intanet. A 2007 Telkom na Afirka ta Kudu ya sayi kashi 75 na Multi-Links kan dala miliyan 280. A 2011 ya rabu da kamfanin kacokan kan miliyan 10.

An fi ɗora alhakin wannan asara a kan kuɗin da Qualcomm ke karɓa, wai shi ya tsawwala farashin waya. Da gaskiya a ciki, amma ba ta isa hujja ba, tun da ita ma GSM ba kyauta ba ce: Nokia da Ericsson da Motorola suna da haƙƙoƙinsu, sai dai suna yafe wa juna, baƙo ne ke biya. Abin da ya kayar da CDMA ya fi fitowa fili a wuri irin Yola. Sai a 2006 aka ba kamfanonin CDMA lasisin bai-ɗaya na yawo da waya ko'ina, alhali GSM ta riga ta yi shekara biyar tana dasa turaku, Glo ma ya shigo a 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa. Ga kuma sim. Ɗan kasuwar Jimeta mai zuwa Garwa yana tsallaka iyaka zai cire layinsa ya sa na Kamaru a waya ɗaya, ya kuma sayar da ita kwance in ya ga dama. Yawancin wayoyin CDMA kuwa a ɗaure suke da kamfaninsu.

Mai cewa Qualcomm ma ya faɗi bai duba da kyau ba. Fasahar 3G da kamfanonin GSM suka hau daga baya a kan dabarun CDMA aka gina ta, don haka kuɗin haƙƙi bai daina shiga aljihunsa ba. Masu jari a turakun CDMA su suka ƙone, kuma da MTN ya sayi Visafone a 2016, tashar iskarsa ta megahaz 800 yake so domin 4G.